Kafaɗar Hagu

Shagona yana bayan Fanteka,
tsakanin mai ƙera murhu da mai walda.
Su duka suke yi, ƙarfe yana kuka.
Ni lallashi ne sana'ata.

Sandar gilashi, kamu ɗaya,
kaurinta bai kai ƙaramin yatsana ba.
Na murɗa gas, harshen wuta ya yi shuɗi,
na miƙa ta sannu, kamar mai shigar da baƙo gida.
In ka yi mata gaggawa sai ta ce tas,
ta bar ka da guntu biyu da jini a yatsa.

Gilashi ba ya shela in ya nuna.
A hannu ake ji:
taurin ya saki, ya yi lagwas
kamar alewa wajen mai ja.
Daga nan numfashi biyar gare ka,
wani lokaci huɗu.

A tsakiya nake fara karyawa,
nan ne tsinin ƙasa.
Kafaɗar dama takan zo da kanta.
Sai ta hagu.
Ta hagun nan ita ta sa mini furfura.

Madam Rifkatu ta Barnawa, mai kek hawa uku,
da rula take yawo a jaka.
Ta kwantar da zuciyar kan takarda mai layi,
ta kanne ido ɗaya:
"Malam Ilu, wannan ɓarin ya ɗara wancan.
Hoto ba ya rufa asiri.
In amarya ba ta gani ba, ƙawayenta za su gani."
Ban musa ba, kuɗinta ne.
Na ɗauko wata sandar.

Amma na sha fede rago da Babbar Sallah,
na riƙe zuciya da ɗuminta a tafin hannu.
A karkace take.
Ɓari ɗaya ya fi nama, ɗayan kamar an manta da shi.
Haka ta yi ta bugawa, ba hutu,
har ranar da wuƙa ta zo.
Ban taɓa gaya wa Madam ba.

Wadda ta yi daidai nakan binne ta a toka mai ɗumi,
ta kwana tana hucewa.
Na taɓa ciro wata da wuri don mai ita na sauri,
kafin a kai gada ta tsage.

Asabar da hantsi nakan naɗe ta a auduga,
in shiga keke, kwali a cinya,
ina roƙon direba ya ji tsoron Allah da ramuka.
Iyakata ƙofar kicin.
Ban taɓa ganin tawa a kan kek ba.
An ce kafin a yanka ake cire ta,
a ajiye gefe, sukari a ƙafarta,
wani yaro ya lashe.

Waɗanda rula ta ƙi
Asabe ke kwashewa.
Ta zura musu zare ta rataya a tagar ɗakinmu a Tudun Wada,
yanzu sun kai arba'in.
Bayan la'asar rana kan biyo ta cikinsu
ta watsa su a bango, duk a karkace, suna lilo.
Ta sa musu suna.
Wannan Kuɗin Haya, wannan Ciwon Baya,
waccan mai ƙaton kafaɗa wai ni ce, ranar da na yi fushi.

Mu da aka yi namu ba kek,
alkaki ne da nakiya a fanteka,
shekara talatin da ɗaya da daminar bana.

Jiya na dawo hannu rabbana.
Ta dubi aljihuna: "Ina tawa?"
Na ce yau duk shidan sun yi daidai.
Ta ajiye mini tuwo, ta juya.
Daga bakin ƙofa na ji ta ce,
"Allah ya sa gobe hannunka ya yi rawa."